Mitar da Ta Kai Ni Tudun Wada

Da ƙaramar sallar da ta wuce Uwani ta zo gida ta ce sai ta share mini shago. Na bar ta, don na san in ta ɗaura niyyar abu ba mai sauke ta. Ina dawowa daga masallaci na tarar ta cika buhu da abin da ta kira tarkace tana jiran ’yan gwangwan, ga kuma baƙar mitata ta auna wuta a saman buhun an kifa ta kamar tsohon kwano. Ita ta ce na yi faɗa, ni kuwa na san ɗaga murya kawai na yi. Na ɗauke mitar na kakkaɓe ta na mayar da ita kan kanta.

“Baba, abin nan ko lamba ba ya nunawa,” in ji ta. “Na saya maka na zamani har biyu. Kuma ba shi ne Gwaggo ta ce ya sa Kaka ya kore ka daga Ƙofa ba?”

Maganarta ta ƙarshe ce ta sa na zauna rubuta wannan babi. Na daɗe da sanin cewa kun ji labarin guntu-guntu a bakin dangi, cewa wai ubanku ya taɓa yin duba da akwati, kakanku ya fatattake shi. Akwai gaskiya a ciki, amma an bar ta ba kai ba ƙafa. Yau zan ba ku ita a jere, ke Uwani da ƙannenki, kuma ke ce ya fi kamata ki saurara, don da ke a ciki.

Kakanku ladan ne a unguwarmu a Ƙofa, kamar yadda ubansa ya yi ladanci kafin shi. Mutum ne dogo, mai ƙarancin magana, amma in ya sa yatsa a kunne da asuba har masu kwana a gona suna jinsa. A gidanmu akwai wata al’ada da ba a taɓa tsallakewa ba. Duk ɗan da aka haifa, Baba ne, wato kakanku, zai fara yi masa kiran salla a kunne, shi ne kuma zai zaɓa masa suna. Uban yaro ba ya yi, malamin maƙwabta ba ya yi. Ni ne babban ɗansa namiji, kowa kuma ya ɗauka ni zan gaji kiran salla da gonar da ke bayan masallaci. Sai dai tun ina ƙarami hannuna ba ya zama wuri ɗaya. Kwaɗon ƙofa, tocila, agogon bango, duk abin da yake da ciki sai na ga cikinsa. Da na girma na yi aure sai na kafa tebur a zauren gidanmu ina gyaran rediyo, da damina in yi noma, da rani in zauna da ƙarfen dalmata a cikin garwashi. Baba bai hana ni ba. Yakan ratsa zauren ya kalli hanjin rediyo a warwatse ya girgiza kai ya wuce.

Gyarana na lokacin duk lalube ne. Batir da harshe nake gwada shi, in ya ɗan cije ni na san da sauran rai. Cikin rediyo kuwa da bakin sukudireba nake taɓawa ina sauraron inda lasifika za ta yi gurnani. Ina samun sa’a sau da yawa, amma abin yana damuna. Wuta tana tafiya a cikin wayar nan, ina jin ta a harshena, ba na ganinta. Ina so in san nawa ce, ta ina ta bi, a ina ta tsaya.

Bayan kakar wata shekara na shiga Kano neman kayan gyara, sai na gan ta a ƙasa a wajen wani mai gwangwan, tsakanin matattun fankoki. Baƙar akwati ce mai nauyi, da madauki na fata, da manyan maɓallai biyu na juyawa, da taga wadda gilashinta ya farfashe, allura a kwance a ciki. Na san mita ce, irin wadda ake auna wuta da ita, don na taɓa leƙen irinta a hannun wani mai gyara a birni. Mai gwangwan ya ce matacciya ce, tagullar cikinta kawai yake so. Na rungumo ta a mota har Ƙofa a kan cinyata, kwandasta yana ta tambaya ko ƙwai na ɗauko.

Da na buɗe bayanta sai da na yi mamaki. Ban taɓa ganin aiki mai tsabta haka ba. Kowace waya an lanƙwasa ta a kan hanyarta, resistocinta masu rage ƙarfin wuta ba irin na rediyo ba ne, siririyar waya ce aka naɗe da hannu a kan ’yan allunan takarda mai tauri. Cutarta uku na gano. Wani ya bar batir a ciki har ya ruɓe ya ci ƙarfen mazauninsa ya zama kore, wannan na kankare na wanke da ruwan lemon tsami. Naɗi ɗaya ya ƙone, na warware shi a hankali na haɗa inda ya tsinke. Ta ukun ita ce ta kusa ƙure ni. A gindin allura akwai wani siririn ƙarfe kamar gashi wanda aka naɗe shi kamar gammo, shi ke mayar da allura gida, to zagaye biyu sun hau juna. Da tsinken tsintsiya na raba su, ina riƙe numfashi, mahaifiyarku Rabi tana riƙe mini madubi tana haska ciki da rana. Saura taga. Ban sami gilashin da zai shiga ba, sai na yanka murfin kwalin kaset, farar robar nan da ake gani ta cikinta, na goge gefenta a dutse na manna. Na ji daɗin dabarar ƙwarai har na kira mutane su gani.

Sai wata tambaya ta taso wadda ban taɓa tunaninta ba. Abin da ke auna komai, shi da me za a auna shi? Idan rediyo ta yi ƙarya mita za ta kama ta, idan mita ta yi ƙarya fa? Na sayi sababbin batura na jona ɗaya, allura ta tashi ta tsaya. Na ƙara na biyu a bayansa ta ninka tafiyarta, na ƙara na uku ta ƙara daidai gwargwado. Ranar na zagaya tsakar gida ina dariya ni kaɗai har Inna, kakarku, ta leƙo ta tambayi Rabi ko lafiya.

Murnar ba ta daɗe ba. Da rani ya kankama sai allurar ta ɓullo da wani hali. In fito da safe in tarar da ita a tsaye a tsakiyar taga, ba batir, ba waya, ba abin da aka jona mata. In juya ɗan sukurun da ke mayar da ita sifiri, ta ƙi. Wani lokaci in kai yatsa kusa da tagar ta biyo shi, ko ta guje shi. Sai can da hantsi ko azahar ta sauka don kanta. Na sake buɗe ta na duba gashin nan, lafiya lau. Na zargi maganaɗisun lasifika na kwashe rediyoyi daga teburin, na zargi tururuwa, na zargi ƙarfen ƙofa. Na kai ta ɗaki, na kai ta rana. Ban ji tsoro ba ko kaɗan, abin dai ya hana ni sakat, ina cin tuwo ina tunaninsa.

Wata safiya na sunkuya a kanta ina leƙen gindin allurar, haushi ya ishe ni na saki dogon huci a kan tagar. Robar ta yi gumi, allura ta sulale ta kwanta a sifiri. Na ɗaga kai na dubi zauren ba kowa. Washegari na sake tarar da ita a tsaye, na buɗe baki na hura mata da gangan, ta kwanta. Dalili ban sani ba, amma na sami magani, kuma ga aiki yana jirana. Daga nan ya zama kullum kafin in auna komai sai in ɗago mitar kusa da bakina in hura mata, in ga ta koma gida, sannan in jona waya. Sau da yawa leɓena yana motsi, don lissafin lambobin tagar nake yi a hankali.

Yanzu ku tsaya ku kalli abin da idon mutumin Ƙofa. Ɗan ladan ne a zaure, ya ɗago baƙar akwati ya matso da ita bakinsa, ya motsa leɓe, ya hura mata, allura ta motsa ba wanda ya taɓa ta, sannan ya ce wa mai rediyo ga inda cutar take, kuma a buɗe a tarar haka ne. Mutanen da tun suna goye ake yi musu tofi a ka in zazzaɓi ya kama su, me kuke so su ce? Ni kaɗai ne a garin ban ga haka ba, don idona yana kan allura.

Akwai wani makiyayi, Buba, daga wata ruga ta wajen Burumburum, wanda ke kawo mini rediyonsa duk sanda ya biyo kasuwa. Rediyon tana sanye da riga ta saƙa mai tuntaye, ya fi kula da ita fiye da hularsa. Da bazara ya shigo zauren ba rediyo a hannunsa, fuskarsa a ɗaure. Muka gaisa ya tsuguna ya yi ƙasa da murya.

“Malam Isuhu, karsanata ta ɓata. Fara, ƙaho ɗaya a karye. Ka tambaya mini akwati.”

“Wace akwati?”

Ya nuna mitar da haɓa.

Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce masa wannan wutar batir take aunawa, ba ta san saniya ba, ba ta san akuya ba. Bai yi dariya ba, ya ce ya san irin wannan aiki ba a faɗarsa a fili, shi kuma mai riƙe sirri ne. Na rantse masa. Ya gyaɗa kai irin na wanda ya yarda cewa dole ne ka rantse. Da zai tashi sai na tuna wata hira. Zauren mai gyara matattarar labari ce, kowa ya zo da rediyonsa sai ya bar wata magana. Na ce masa shekaranjiya wani mutumin Yako ya ce an kama wata baƙuwar karsana a lambu an ɗaure ta a gidan mai unguwa ana cigiya, ya je ya duba. Na faɗa masa sunan wanda ya ba ni labarin ma. Amma ina magana idon Buba yana kan tagar, allurar kuwa ranar tana tsaye ta karkata.

Ranar Juma’a ana sakkowa daga masallaci, mutane cike da ƙofar gidanmu suna gaida Baba, sai ga Buba da ƙwaryar nono da zakara a rataye. Ya zube gaban Baba yana ta miyetti, godiyarsu ta Fulani, yana cewa Allah ya yi wa ɗansa baiwa, akwati ta nuna Yako kuma a Yako aka sami karsana. Kafin sati ya zagayo wata mata ta zo a kan ɗan kunnenta da ya ɓata, wani ya zo a kan ɗansa da ya tafi kudu ba labari. Ina korarsu suna ƙaruwa.

Baba ya kira ni turakarsa bayan la’asar. Inna tana bakin ƙofa tana tsince shinkafa, hannunta ya tsaya.

“Da gaske ne kana hura wa abin nan?”

“Da gaske ne, Baba.”

“In ka hura sai ya motsa?”

“Sai ya kwanta.”

“Me ya sa?”

Na ce ban sani ba. Da na iya ƙarya da na ƙirƙiro masa wani bayani na turawa na wuce, amma ban taɓa iya yi masa ba. Ya daɗe yana kallona.

“Ni ban ce kana shirka ba,” in ji shi. “Amma abin da kai kanka ba ka san mai motsa shi ba, mutane kuma suna zuwa ƙofata suna tambayarsa gaibu, ba zai kwana a gidan da ake fita kiran salla ba. Ka fasa shi a gabansu, ko ka fita da shi.”

Inna ta biyo ni har ɗaki tana cewa, “Isuhu, ƙarfe ne fa. Ka fasa mana. Ubanka za ka bari saboda ƙarfe?” Rabi kuwa lokacin tana da ƙaramin ciki. Na ɗauki guduma na zauna da mitar a gabana, kuma wallahi na ɗaga. Ba son ta ne ya hana ni ba. Na ga cewa in na fasa ta a gaban mutane na amsa ke nan cewa da wani abu a ciki, kuma har in mutu ba zan san me ke ɗaga allurar ba, Baba ma ba zai sani ba. Zan zauna a gidansa a matsayin ɗan da ya yi duba ya tuba. Wannan ne na kasa haɗiyewa. Kafin ruwan farko na ɗora kayanmu a mota muka tafi Tudun Wada, inda wani abokina ya samo mini ɗaki da rumfa kusa da kasuwa. Na je sallama na tsuguna, Baba ya ce Allah ya kiyaye hanya, bai ɗago daga littafinsa ba. Na yi kuka a motar, ba na jin kunyar faɗa muku.

Abin haushi, muna sauka ruwa ya sauka, allura ta shiryu. Duk tsawon daminar ko sau ɗaya ba ta tashi don kanta ba. Rabi ta ce wataƙila abin na zauren Ƙofa ne, na ce mata kada in sake jin wannan magana. Amma na riƙe abin a raina. Huci yana kwantar da ita, damina tana kwantar da ita, me ya haɗa huci da damina in ba laima ba? To me laima ke kashewa? Nan na tsaya. A wannan daminar ƙanena Sule ya nome gonar bayan masallaci, aka kuma ce in Baba ya yi mura shi ke kiran asuba. Na aika gaisuwa sau da yawa, Inna ce kaɗai ke amsawa.

Aka yi girbi, ganye ya bushe, leɓe ya fara tsagewa. Wata safiya na fito rumfa na tarar da allura a tsaye. Na yi murna kamar na ga tsohon aboki, don yanzu na san abin ba na Ƙofa ba ne, na rani ne. Sai na fara gadinta. Na lura in ni na fito da ita daga ɗaki da kaina, lafiya take. In Rabi ta riga ni ta share rumfa ta jera kaya, a tsaye nake samunta. Washegari na laɓe a bakin ƙofa. Ga mahaifiyarku da tsohon ciki, ta share ƙasa, ta jera rediyoyi, ta ɗauko mitar, sai ta kama gefen gyalenta, wani shuɗi na nailan da na saya mata da aure, ta shiga goge tagar nan da ƙarfi har tana ƙyalli. Ina kallo allura ta miƙe.

Na yi tsalle na fito har ta tsorata. Na karɓi gyalen na hura wa tagar allura ta kwanta, na goga ta tashi, na hura ta kwanta. Sai na tuna yadda gyalen nan ke yin ƙaf-ƙaf yana manne mata a jiki da rani, da yadda muke goga biro a gashi muna yara ya ɗauki guntun takarda. Ita ce wutar, guga ke haifar da ita a jikin roba, ta jawo allura, laima kuma ta kwashe ta. Gilashin asali bai cika yin haka ba. Murfin kaset ɗin da nake taƙama da shi da tsabtar matata su ne aljanun.

“Tun a Ƙofa kike goge ta?”

“Kullum mana,” in ji ta. “Abin da ka fi so a duniya, in bar shi da datti?”

Muka yi dariya, sai kuma ta koma kuka, ta ce ashe ita ta raba ni da gida. Na ce mata ba ita ba ce, kuma har yau haka nake cewa.

Na yi niyyar zuwa Ƙofa a satin, sai naƙuda ta riga ni. Aka haife ki, Uwani, da hantsi. Na aika wa Baba a ranar, ɗan aike ya dawo ya ce Malam ya ce barka, bai ƙara komai ba. Matan gidan da muke haya suka ce in yi miki kiran salla da kaina, ko a kira limamin unguwa, ba a barin jariri haka. Gaskiyarsu ce. Na ɗauke ki na kai bakina kunnenki na kasa. Duk ’ya’yan gidanmu muryar Baba suka fara ji, ban so ke kaɗai ki tashi ba ita ba saboda ni. Ana jibi suna na naɗe mitar a cikin shuɗin gyalen na hau mota.

Na same shi a zaure, inda teburina yake a da, Inna ta kawo masa kunu yana jira ya huce. Ya rame kaɗan. Na gaishe shi ya amsa a taƙaice, idonsa a kan ƙunshin.

“Na ce kada abin nan ya sake shigo mini.”

“Baba, ka tambaye ni me ya sa na ce ban sani ba. Yau na sani.”

Na ajiye ta a tabarma na yi masa bayani, na goga ta tashi, na hura ta kwanta. Ya ce in sake, na sake. Fuskarsa ba ta nuna komai ba. Sai ya ce in fita waje in tsaya bayan katanga inda ba zan ga akwatin ba kuma ba za ta ji ni ba. Na fita na tsaya a rana, masu wucewa suna kallona. Ina jin ƙarar gyale a kan roba, sai shiru, sai huci, sai kuma ƙarar gyale. Abin ya daɗe har na fara tunanin ya manta da ni. Can ya kira ni. Na tarar ya tuɓe rawaninsa ya ajiye a gefe, ya gwada da shi, ya gwada da hannun rigarsa, ga Inna a tsugune kusa da shi.

“Rawani bai kai gyale ba,” in ji shi, kamar ni ne baƙo a wajen. “Na hura ban ce komai ba, ko bisimilla ban yi ba, Allah ya yafe mini, ta kwanta. Uwarka ta hura, ta kwanta. Amma duk baki ne. Tsaya ka gani.”

Ya goge tagar allura ta miƙe. Ya ɗauko ƙoƙon kunun nan mai tururi ya kifa mitar a samansa daga nesa kaɗan, ya juyo ta. Allura tana kwance a sifiri. Ni da na shekara ina fama da ita wannan gwajin bai taɓa zo mini ba. A lokacin na gane daga inda na gado ƙaiƙayin hannuna.

“Kunu dai ba ya tofi,” in ji Baba.

Inna ta rufe baki da zane tana dariya hawaye na zuba. Shi bai yi dariya ba. Ya ce ya gani, kuma ya yi mini hukunci a kan abin da bai bincika ba. Sannan ya faɗa mini abin da na riga na sani, cewa gona tana hannun Sule, masallaci ya saba da muryar Sule, ba zai karɓe abin da ya bayar ba. Ban koma Ƙofa da zama ba har yau, kuma akwai tsofaffi a can da suka mutu suna cewa akwatin Isuhu ce ta gano karsana. Buba kansa ya ci gaba da kawo mini rediyo shekaru, kullum yana yi wa mitar sallama kafin ya yi mini. Wannan shi ne abin da na biya, ban kuma ce kaɗan ne ba.

Baba ya naɗe gyalen ya miƙo mini, ya tambaya ba tare da ya kalle ni ba.

“Wa ya yi wa yarinyar kiran salla?”

“Ba a yi ba, Baba. Kai muke jira.”

Ya ɗago da sauri, na ga ransa ya ɓaci fiye da ranar da ya kore ni.

“Ka bar jaririya kwana da kwanaki ba sunan Allah a kunnenta, kana yawo da akwati a mota? Kai wane irin mutum ne? Miƙo mini takalmina.”

Kunun bai sha ba. A mota ya karɓi mitar ya ɗora a cinyarsa, yana goga yana hurawa har muka wuce Kwanar Dangora, fasinjoji suna satar kallonsa bai damu ba. Muna isa ya wanke hannu ya ce a miƙo ki. Muryar nan da masu kwana a gona ke ji ya mayar da ita ƙasa-ƙasa ya zuba miki a kunnen dama, kika buɗe ido kika yamutsa fuska. Ya sa miki sunan mahaifiyarsa, shi ya sa ba wanda ke kiran sunanki na yanka a gidan nan.

Daga baya na’urori da yawa sun ratsa hannuna, masu koren ido da ke zana wuta a gilashi, masu gwada kwalaben rediyo na da, na farfaɗo da wasu wasu sun fi ƙarfina, kuma na sami gilashin da ya dace da tagar nan tun kina rarrafe. Yana cikin aljihun tebur, ban sa shi ba. In kin sake zuwa shara, Uwani, ki kwashe duk abin da kika ga dama ki ba ’yan gwangwan. Baƙar mitar kuwa ki goge ta da gyalenki, in allura ta tashi ki hura mata, ki mayar da ita inda kika same ta.